Wa Ke Riƙe da Agogon Falo? Talabijin a Gidajen Barazil

A daren Juma'a, 19 ga Oktoba, 2012, hukumar da ke lura da rarraba wutar lantarki a ƙasar Barazil ta kwana cikin shiri na musamman. Abin da take tsoro shi ne miliyoyin gidaje su miƙe daga gaban akwatin talabijin a lokaci guda, wannan ya kunna fitila, wancan ya buɗe firiji, wata ta shiga wanka da ruwan zafi na lantarki, nauyin ya taru ya durƙusar da layukan wuta. A birnin Sao Paulo kuma sai da 'yan siyasa suka sauya ranar wani gangamin yaƙin neman zaɓe da shugabar ƙasa Dilma Rousseff za ta halarta, domin kowa ya san ko an buga tambari babu mai fitowa. Dalilin duk wannan shi ne a daren ne gidan talabijin na Globo zai nuna kashin ƙarshe na Avenida Brasil, wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da aka shafe watanni bakwai ana bibiya, labarin wata yarinya da matar ubanta ta yasar a juji, ta girma ta dawo ɗaukar fansa.

Baƙon da ya ji wannan labari yakan yi ɗayan abu biyu: ko ya yi dariya ya ce ai al'ummar da wasan soyayya da makirci ke tsayar wa al'amura ta shagala, ko kuwa ya yi sha'awar yadda ƙasa mai mutane wajen miliyan 200 za ta taru a kan zance guda. Dukansu sun tsaya ne ga abin da ake nunawa, alhali ƙarfin talabijin a gidan Barazil ya fi ta'allaƙa ga lokacin da ake nuna shi. Fiye da rabin ƙarni akwatin nan yana aikin agogo a falo. Shi ke cewa a sauke tukunya, shi ke cewa yara su kwanta, shi ke sanar da baƙo cewa ziyararsa ta yi tsawo. Saboda haka tambayar da ta fi cancanta ita ce wane ne ke riƙe da wannan agogo, me ya yi da shi, kuma me iyali suka yi da zaman da ya tara su a kai.

Tsarin yinin sananne ne ga kowane ɗan ƙasar. Da safe akwatin na kunne uwargida na aikin madafa, ba lallai ta dube shi ba, murya ce dai mai ɗebe kewa. Tun 1999 Ana Maria Braga take wannan aiki a shirinta na girke-girke da hira. Da tsakar rana, lokacin shinkafa da wake, akwai labaran jiha da na wasanni. Bayan azahar a maimaita wani tsohon wasa, a sa fim don yaran da suka taso daga makaranta. Amma zuciyar al'amarin sai rana ta yi sanyi. Wajen ƙarfe shida akwai wasa mai taushi, galibi na tarihi ko na ƙauye, wanda kaka da jika za su iya kallo tare. Wajen bakwai akwai mai barkwanci. Da takwas da rabi sai Jornal Nacional, labaran ƙasa. Daga nan sai babban wasan dare, wanda aka daɗe ana kira na ƙarfe takwas, daga baya aka koma kiransa na ƙarfe tara da lokacinsa ya ja baya. Haka abin yake daga Litinin zuwa Asabar, shekara ta zagayo, babu hutu. Idan wasa ya ƙare ranar Juma'a, a maimaita ƙarshensa ranar Asabar, Litinin sabo ya hau. Mutanen ƙasar da harshensu na Fotugal suna kiran irin wannan wasa novela, kuma kowane yakan kai kashi 150 zuwa 200.

Hatta ƙwallon ƙafa, wadda duniya ta ɗauka ita ce sarauniya a Barazil, sai da ta rusuna wa wannan tsari. Shekara da shekaru wasannin daren Laraba ba sa farawa sai wajen tara da rabi, wani zubin har goma, domin sai novela ta sauka tukuna. Magoya baya sun sha kukan cewa ana tashi daga fili kusan tsakar dare, ma'aikacin da ke zaune a bayan gari ya rasa motar komawa gida, amma kukan bai cika motsa masu shirya jadawali ba. Lahadi kuwa ranar shirye-shiryen dandali ce: ƙwallo da la'asar, kafin ta da bayanta raha da gasa da rabon kuɗi. Silvio Santos, wanda ya faro rayuwa yana talla a titunan Rio de Janeiro ya ƙare da mallakar tashar SBT, ya yi wajen shekaru sittin yana shiga gidajen mutane kowace Lahadi kafin rasuwarsa a watan Agustan 2024. Da daddare kuma shirin Fantástico, wanda ake yi tun 1973, ya rufe mako. 'Yan ƙasar da yawa kan faɗa cikin raha cewa da sun ji kiɗan buɗe shi gabansu ke faɗuwa, don sun san Litinin ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Wannan sabo bai faɗo daga sama ba. Lokacin da attajirin jaridu Assis Chateaubriand ya buɗe tashar Tupi a Sao Paulo ranar 18 ga Satumba, 1950, kusan babu mai akwatin kallo a birnin, sai shi ya shigo da wasu 'yan ɗaruruwa ya rarraba, aka girke waɗansu a wuraren taruwar jama'a. Ke nan tun daga ranar farko kallon taro ne. A shekarun da suka biyo baya akwatin kayan masu hali ne, gida ɗaya a layi ke da shi, maƙwabta su cika falo, yara su maƙale a taga. Har kalma aka ƙirƙira wa irin wannan baƙo, televizinho, wato an haɗa sunan akwatin da kalmar maƙwabci. A ƙananan garuruwan arewa maso gabas kuwa hukumar gari ce kan sayi akwati ta kafa a dandali cikin wani ɗan keji mai kwaɗo, a buɗe da magariba. Fim ɗin Bye Bye Brasil na Carlos Diegues, wanda ya fito wajen 1980, ya bi wasu 'yan wasa masu yawo gari-gari da suka riƙa tarar da eriya ta riga su isa, jama'a sun juya musu baya sun fuskanci akwati. Da talaka ya samu hali kuma, shi ya fara saye, sau da yawa bashi ana biya wata-wata. Tsawon shekaru ƙididdigar hukuma na nuna gidajen da ke da talabijin sun fi masu firiji yawa, har aka kai inda fiye da gida tara cikin goma ke da shi.

Wasan kwaikwayo na kullum ya fara ne a 1963 a tashar Excelsior, amma wadda ta mayar da shi ginshiƙin ƙasa ita ce Globo, wadda Roberto Marinho ya kafa a Rio de Janeiro a watan Afrilun 1965, shekara guda bayan sojoji sun ƙwace mulki. Buƙatun ɓangarorin biyu sun haɗu. Sojoji na son su ɗaure ƙasa mai faɗin nahiya da igiya guda, sai suka kafa kamfanin sadarwa na Embratel suka shimfiɗa hanyoyin aika hoto daga birni zuwa birni. Globo na son kasuwar da ta game ƙasa, sai ta hau wannan shimfiɗa. Ranar 1 ga Satumba, 1969 aka fara Jornal Nacional, labarai na farko da ake gani lokaci guda a manyan birane da dama. Dabarar da shugabannin tashar irin su Walter Clark da Boni suka ɗora a kai mai sauƙi ce, amma ta yi aiki fiye da zato: a cusa labarai tsakanin wasanni biyu. Wadda ta zauna don wasan bakwai ba za ta tashi ba tunda na takwas na tafe. Wanda ya zauna don labarai kuma sai ya tsinci kansa yana tambayar me ya sami wance a jiya. Ta haka iyali duka suka zama kamammu a kujera guda na tsawon awa uku, kuma abin da aka gaya musu game da ƙasarsu ya zo ne a naɗe cikin abin da suke so.

Sai dai kuskure ne a ɗauki zaman nan a matsayin zaman kurame. Duk wanda ya san falon Barazil ya san ba a kallon novela a yi shiru. Ana zagin muguwa, ana yi wa jaruma faɗa kan wautarta, ana gardama a kan wanda ya dace ta aura, tallace-tallace na shigowa a ruga madafa a dawo. Tsofaffi da yawa kan amsa sallamar mai karanta labarai idan ya ce musu a kwana lafiya, kamar yana zaune a gabansu. Cid Moreira ya yi wannan sallama daga 1969 zuwa 1996, William Bonner ya karɓe ta. Washegari zancen ya bi mutane zuwa motar haya, wurin gyaran gashi, layin banki da ofis. Kuma maganar tasu na komawa ga masu rubutu, domin ba a gama rubuta novela kafin a fara nuna ta. Marubuci na gaba ne da 'yan makonni kawai, tasha na bin ƙididdigar masu kallo ta kamfanin Ibope, tana tara matan gida ta ji ra'ayinsu. Wanda jama'a suka ƙi sai a aika shi tafiya ko a kashe shi, wanda suka so a faɗaɗa masa fage. A ƙarshen 1988, da aka harbe Odete Roitman, attajira mai raina ƙasarta da mutanenta a wasan Vale Tudo, kwanaki ƙasar ta yi ba ta da zance sai wanda ya kashe ta. Tambayar da wasan ya ɗauko kuwa ba ta wasa ba ce: shin riƙon gaskiya na da wata riba a ƙasar da kowa ke cuta? An yi wannan muhawara a kan teburin abinci, a daidai lokacin da hauhawar farashi ke cinye albashi kafin wata ya raba.

A nan ne amfanin al'adar ya fi fitowa, kuma masu raina ta ba su cika yi mata adalci ba. Barazil ƙasa ce da tazarar mai kuɗi da talaka ta kai intaha. A 1970 kusan kashi ɗaya cikin uku na manyanta ba su iya karatu ba. Jarida da littafi na 'yan tsiraru ne. A wannan shekarar ne kuma ƙidaya ta fara nuna mazauna birni sun fi na karkara yawa, wato miliyoyin mutane sun baro gonakin arewa maso gabas sun sauka a gefen Sao Paulo da Rio ba su san kowa ba. Makaranta ba ta haɗa ɗan mai gida da ɗan 'yar aiki ba, asibiti bai haɗa su ba, unguwa balle. Abin da ya haɗa su shi ne ƙarfe takwas na dare. Uwar ɗaki na kallo a falo, 'yar aikinta na kallo daga bakin ƙofar madafa ko a ɗan ƙaramin akwatin ɗakinta na baya, da safe kuma su tattauna a kan mutane guda da dukansu suka sani. Wannan bai rage tazarar da ke tsakaninsu da ko sisi ba, kuma kada a yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Amma ya ba su harshe guda na yin magana a kan kishi, gado, saki, cin amana da rashin adalci, abubuwan da ba za su taɓa tattaunawa kai tsaye a kan rayuwarsu ba.

Cewa abin ya ratsa har cikin ɗakin kwana ba zato ba ne. Masana tattalin arziki uku, Eliana La Ferrara da Alberto Chong da Suzanne Duryea, sun wallafa wani nazari a 2012 inda suka bi yadda hoton Globo ya riƙa isa yankuna daban-daban a shekaru daban-daban, suka gwama da alƙaluman haihuwa. Sun tarar matan yankunan da tashar ta isa sun rage haihuwa fiye da takwarorinsu na inda ba ta kai ba, musamman matalauta. Da suka duba wasanni fiye da ɗari na tsakanin 1965 da 1999, sai suka ga mafi yawan jarumai mata ba su da ɗa ko ɗaya, masu shi kuma galibi guda ne. Har sunayen jarumai suka tarar iyaye na raɗa wa jarirai. A 1960 macen Barazil na haihuwar 'ya'ya sama da shida a matsakaici, zuwa 2000 abin ya sauko ƙasa da biyu da rabi. Babu mai hankalin da zai ɗora wannan duka a kan akwati. Ƙaura zuwa birni, karatun mata da hanyoyin tsara iyali sun fi shi nauyi. Abin lura dai shi ne babu wanda ya tsaya ya yi wa matan nan lacca. Sun ga wani fasalin rayuwa ne dare bayan dare, gida mai tsabta, yara biyu, mace mai aikinta, har ya zame musu abin da ake kira daidai. Ko mutum na ganin sauyin alheri ne ko akasin haka, dole ya yarda cewa ba ƙaramin iko ba ne a hannun kamfani guda.

Tashar ta san da wannan iko, wani lokaci ma takan yi amfani da shi da gangan. A wasan Laços de Família na 2000 an nuna wata budurwa mai cutar dajin jini ana aske mata kai tana kuka, masu rajistar ba da ɓargo suka ƙaru ƙwarai. A Mulheres Apaixonadas na 2003 an nuna jika na wulaƙanta kakanninta a gidan da suke zaune tare, fushin masu kallo ya taimaka wajen hanzarta dokar kare tsofaffi da aka sa wa hannu a shekarar. Waɗannan ayyuka ne na kirki. Amma hannun da ke iya tura jama'a asibiti su ba da ɓargo shi ne dai hannun da ke iya karkata su a ranar zaɓe.

Kuma ya karkata. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Globo kuwa ta ci ladan sojoji. A ranar 25 ga Janairu, 1984, dubban ɗaruruwan mutane suka taru a dandalin Sé na Sao Paulo suna neman a dawo musu da 'yancin zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Labaran dare suka gabatar da taron cikin jerin shagulgulan zagayowar ranar kafa birnin. A Disamban 1989, kwana biyu kafin zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na farko bayan mulkin soja, Jornal Nacional ya nuna taƙaitaccen muhawarar Fernando Collor da Lula da Silva, aka tsinto wuraren da Collor ya haskaka da wuraren da Lula ya yi tuntuɓe. Har yau ana gardama a kan yawan ƙuri'un da wannan ya juya, amma ita kanta tashar daga baya ta daina yanka muhawarar 'yan takara. Sai a 2013, bayan masu zanga-zanga sun cika tituna suna ambatar sunanta, jaridar O Globo ta rubuta cewa goyon bayan juyin mulkin 1964 kuskure ne. Shekaru arba'in da tara ke nan ana jiran wannan jimla.

Adalci ya sa a ƙara da cewa gidan bai kasance da murya guda a ciki ba. Marinho ya ɗauki marubuta masu ra'ayin gurguzu aiki, irin su Dias Gomes, su kuwa suka riƙa ɓoye suka cikin barkwanci. O Bem-Amado na 1973, novela ta farko mai launi a ƙasar, labarin wani shugaban ƙaramin gari ne da ya gina maƙabarta don neman suna ya rasa gawar da zai buɗe ta da ita. Mai hankali ya san da wa ake. Roque Santeiro kuwa hukumar tacewa ta hana shi fita a ranar da za a fara nuna shi a 1975, sai bayan sojoji sun sauka a 1985 aka sake shirya shi, ya zama ɗaya daga cikin wasannin da aka fi kallo a tarihin ƙasar, har wata babbar kasuwa a Luanda ta Angola ta ɗauki sunansa. Abin mamaki ke nan: a dare guda, a tasha guda, labarai na lulluɓe gaskiya, wasan ƙirƙira na ɗan ɗaga mayafin.

Akwai kuma wanda madubin bai nuna ba sam, ko ya nuna shi a durƙushe. Ƙidayar 2022 ta nuna baƙaƙe da masu ruwa biyu sun haura rabin al'ummar ƙasar, amma tsawon shekaru wanda ya san Barazil ta novela kaɗai zai ɗauka wani yanki ne na Turai da ke bakin teku. Baƙar fata na fitowa ne a matsayin 'yar aiki, direba, ɗan daba ko bawa a wasan tarihi. A 1969 da aka shirya wasa a kan wani bawa baƙi, farin ɗan wasa aka shafa wa baƙin fenti ya hau matsayin. Joel Zito Araújo ya tattara wannan tarihi a fim ɗinsa A Negação do Brasil na 2000. Sai a 2004 Taís Araújo ta zama baƙar mace ta farko da ta ja ragamar novela mai labarin zamani a Globo. Ko a 2018 an shirya wasan dare da aka ce a Salvador ta jihar Bahia yake faruwa, birnin da aka sauke ɗimbin Yarbawa da Hausawa a zamanin cinikin bayi kuma mafi yawan mazaunansa jikokin 'yan Afirka ne, aka cika shi da farare har hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta tsoma baki. Yarinyar da ta girma tana zama gaban akwati awa uku kowane dare ba ta taɓa ganin mai kama da ita a matsayin wadda ake so ba, ita ma an koya mata wani abu, kuma babu ƙididdigar da ta auna shi.

Yanzu agogon ya fara sassautawa. Tun 1989 da Edir Macedo, shugaban wata babbar majami'ar Fentikos, ya sayi tashar Record, gidaje masu yawa suka sami wata mafaka. A 2015 wasanta a kan tarihin Annabi Musa ya kai ga doke Globo a wasu darare, abin da a da ba a ko mafarki. Netflix ta shiga ƙasar a 2011, Globo ta buɗe tata kafar intanet, Globoplay, a 2015. A gasar cin kofin duniya ta 2022 miliyoyin matasa sun kalli wasannin ƙasarsu ta YouTube a tashar wani matashi, Casimiro, maimakon muryar da iyayensu suka saba da ita. Akwatin na nan a falo, ya ma ƙara faɗi, amma sau da yawa yana magana ne shi kaɗai: uwa na gabansa ido na kan waya, ɗa na ɗaki da tasa, uba na sauraron saƙon murya a WhatsApp. Alƙaluman da Avenida Brasil ta samu sun zama abin tarihi.

Masu murna da wannan sauyi suna da hujja, kuma hujjar mai ƙarfi ce. Ba zai yiwu a yau wani edita guda ya mayar da gangamin dubban ɗaruruwa bikin gari ba. Kafin ya gama magana hotuna sun zaga ƙasa. Wanda ba ya ganin kansa a tasha na iya buɗe tasa. Duk wanda ke kewar zamanin murya guda ya tuna abin da muryar ta yi da damarta. Sai dai masu murnar na mantawa da cewa abubuwa biyu ne suka tafi tare, kuma ba darajarsu guda ba. Na farko mulkin tasha guda, wanda tafiyarsa alheri ce. Na biyu zaman tare, wanda shi ne ya kasance garkuwar mai kallo tun asali. Ƙaryar da aka faɗa a falo gaban mutum shida tana iya gamuwa da surukin da zai yi tsaki, ko 'yar jami'ar da za ta ce ba haka aka yi ba, ta kuwa halarci taron. Ƙaryar da ta shigo ta waya cikin dare ba ta da mai yi mata tsaki. Ta zo ne daga ɗan'uwa ko abokin ibada, an kuma zaɓo ta daidai da abin da mai karɓa ke son ji. Zaɓukan 2018 da 2022 sun nuna wa Barazil yadda iyali guda kan wayi gari ba su yarda da juna ba ko a kan abin da ya faru jiya, har cin abincin Lahadi ya gagara a gidaje da dama. Ba wayar ce ta haifi rarrabuwar ba, amma ta ɗauke wurin da a da ake arangama da ita kowane dare, ana so ko ba a so.

Ita ma Globo ta fahimci cewa abin da ya rage mata na sayarwa shi ne taron, shi ya sa ta koma tono rumbu. Da annobar korona ta tsayar da ɗaukar wasanni a watan Maris na 2020, tsofaffin wasanni aka sa, jama'ar da ke kulle a gida suka zauna suka kalla tare da 'ya'yan da ba a haifa ba lokacin fitowarsu ta farko. A 2022 ta sake shirya Pantanal, wasan da tsohuwar tashar Manchete ta girgiza ta da shi a 1990, matasa suka karɓe shi, suna kallo suna sharhi a waya a lokaci guda, wanda shi ma wani nau'in falo ne, ko da yake babu kaka a cikinsa. A 2025, shekarar da ta cika sittin, ta dawo da Vale Tudo. Aka sake harbin Odete Roitman, aka sake tambayar wanda ya yi, mashaya a Rio da Sao Paulo suka juya manyan allunansu daga ƙwallo zuwa wasan a daren ƙarshe. Masu kallon ba su kai na 1988 ba, kusa ma ba su yi ba. Matsayin Raquel kuwa, uwar nan mai sayar da abinci a bakin teku wadda ta ƙi yarda cewa sai da cuta ake arziki, wanda farar jaruma Regina Duarte ta hau a karon farko, Taís Araújo aka ba a wannan karon.